Aiki da Kwamfuta daga Nesa: Saitin Allo da Raba Fayil a Manhajar Haɗi

Manhajar haɗi daga nesa ita ce wadda ke bai wa mutum damar zama gaban kwamfutarsa ya sarrafa wata da ke wani ofishi ko wata ƙasa, yana ganin allonta, yana tura mata umarnin madannai da na linzami kamar yana gabanta. Daga cikin shahararrunsu akwai Remote Desktop Connection ta kamfanin Microsoft, wadda ke aiki da ƙa'idar sadarwa mai suna RDP da ta fito a 1998 tare da Windows NT 4.0 Terminal Server Edition, sai kuma VNC da aka ƙirƙira a wani ɗakin bincike a Kambirij ta Ingila. Kafin a ƙulla haɗi, manhajar kan nemi a zaɓi yadda allo zai bayyana da kuma abin da kwamfutar nesa za ta iya taɓawa a kwamfutar gida. Akasarin masu amfani sukan ɓata lokaci a kan na farko su tsallake na biyu, alhali na biyun ne ya fi buƙatar natsuwa.

Saitin allo lissafi ne na nauyin hoto. Allon da faɗinsa ya kai ɗigo 1920, tsayinsa 1080, yana ɗauke da ɗigo sama da miliyan 2, kuma idan zurfin launi, wato adadin bayanin da ake kashewa wajen siffanta launin kowane ɗigo, ya kai bit 32, hoto guda da ba a matse ba zai zarce megabait 8. Idan aka rage zurfin zuwa 16, sai nauyin ya rabu biyu. Gaskiya ne RDP na matse hoto, yana kuma aiko da wurin da ya canza kawai, amma tanadin yana nan, kuma wanda ke aiki da datar waya a inda sabis ke rawa yakan ji bambancin a saurin da rubutu ke fitowa bayan ya danna harafi. Haka ma kashe hoton bango da motsin tagogi, da barin manhajar ta adana gutsattsarin hotunan da ta riga ta karɓa domin kada ta sake neman su. Kuskure a wannan ɓangare ba ya jawo asara, domin iyakarsa rubutu ya yi dishi-dishi a gyara.

Raba fayil kuwa al'amari ne na amana. A manhajar Windows, a ƙarƙashin sashen kayan kwamfutar gida, akwai akwatunan da ake sa wa alama domin miƙa firinta, da ma'ajiyar kwafi, wato wurin da ake riƙe abin da aka kwafo kafin a manna shi, da kuma faifan ajiya. Da zarar an sa alama a faifan C, kwamfutar nesa za ta gan shi a adireshin \\tsclient\C, kuma duk wata manhaja da ke gudana cikin wannan zama za ta iya karanta abin da ke ciki ko ta rubuta a kai, daidai da ikon da mai kwamfutar yake da shi. Mai neman tura takarda guda ɗaya ya miƙa makullin gida gaba ɗaya ke nan, tare da hotunan iyali da takardun banki, ga na'urar da watakila bai san wa ke kula da ita ba.

Wannan haɗari ya riga ya auku. A watan Oktoban 2024 Microsoft ya sanar cewa wata ƙungiyar 'yan kutse da yake kira Midnight Blizzard, wadda ake dangantawa da hukumar leƙen asirin Rasha, ta aika wa ma'aikatan gwamnati da na jami'o'i saƙonnin imel ɗauke da fayil na RDP. Irin wannan fayil rubutu ne kawai da ke adana zaɓin saiti, don haka wanda ya buɗe shi ya haɗu da kwamfutar maharan, faifansa da ma'ajiyar kwafinsa kuma suka bayyana a gabansu.

Abin da ya dace shi ne a ƙuntata rabon gwargwadon buƙata. Manhajar Remmina ta Linux da ta Microsoft a kan Mac, wadda aka sauya wa suna zuwa Windows App a 2024, suna barin a zaɓi folda guda a raba, ta Mac ɗin ma tana da zaɓin karatu kawai, wanda ke hana kwamfutar nesa rubuta komai. Remote Desktop Connection ta Windows kuwa faifai sukutum take miƙawa, saboda haka dabarar ita ce a zuba fayilolin da ake so a filasha, a sa alama a harafinta kaɗai. Masu kula da kwamfutocin ma'aikata kuma suna iya hana miƙa faifai gaba ɗaya ta tsarin dokokin rukuni na Windows, ta yadda ko ma'aikaci ya sa alamar, kwamfutar nesa ba za ta karɓa ba.