Maruru A Jikin Yaro: Me Ya Sa Magani Yake Daina Ci?

'Yan'uwa, idan zafin bazara ya sauka a ƙasar Gagarawa, da wuya mu shiga gida ba mu ga yaro da maruru a goshi ko a ɗuwawu ba. Abin da muka saba yi shi ne mu aika kemis a sayo kafso biyu ko uku, ko mu jira kasuwar Maigatari ranar Alhamis mu saya a hannun masu talla. Da kumburi ya sace, sai mu ajiye sauran. Wannan ɗabi'a tamu tana jawo ɓarna, kuma a kan 'ya'yanmu take ƙarewa.

Ƙwayar cutar da take kawo maruru, likitoci suna kiranta stafilokokus. Tana zaune cikin hancin kusan mutum 1 cikin 3 ba tare da ta dame shi ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙuna, susa, kaciya ko ɗanyar cibiyar jariri duk ƙofa ce gare ta, kuma daga fata takan wuce cikin tsoka, ƙashi, jini da huhu. Bincike a Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, ya nuna da yawa daga cikin irin tamu suna ɗauke da wani dafi mai suna PVL, wanda yake fasa fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki.

A 1928 Alexander Fleming ya gano penisilin a Landan, a kan wannan ƙwayar cuta. Ba a daɗe da soma amfani da shi ba ta koyi bijire masa. Aka kawo metisilin, amma a 1961 aka sami wadda ta fi ƙarfinsa a Ingila, ita ce MRSA. Dalili kuwa, magani yakan kashe raunana ya bar masu taurin kai su hayayyafa, kuma shansa barkatai yana gaggauta wannan. Mujallar Lancet ta 2022 ta ƙiyasta cewa a 2019 bijirewar magani ta kashe mutum miliyan 1.27, MRSA kaɗai fiye da 100,000, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi shan wuya in an duba yawan jama'a.

Masana sun koma ga wata tsohuwar dabara. Akwai ƙananan halittu da ake kira fej, waɗanda abincinsu ƙwayoyin cuta ne. Fej yakan shiga cikin ƙwayar, ya hayayyafa, ya fasa ta, bai taɓa naman mutum ba. Frederick Twort ya lura da su a 1915, Félix d'Hérelle a 1917, kuma cibiyar Eliava da aka kafa a Tibilisi ta ƙasar Jojiya a 1923 tana jinya da su. Beljiyam ta yarda a 2018 a haɗa wa majinyaci nasa. Sai dai kowane fej yana da irin wadda yake ci, dole sai an auna an daidaita, ita ma ƙwayar tana iya bijire masa. Ba abin da za mu samu a kemis ba ne.

Saboda haka abin da ke hannunmu shi ne rigakafi. Mu wanke hannu da sabulu, mu yanke wa yara farce, kada a yi tarayya da aska ko tawul. Iyaye mata da ungozomomi su shafa man kulohezidin a cibiyar jariri, ban da toka ko man goge baki. Kada a matse maruru na fuska. Idan yaro ya haɗa maruru da zazzaɓi, ko ya ƙi taka ƙafa, ko numfashinsa ya yi sauri, ko jariri ya ƙi nono, a kai shi asibiti a ranar, ko nan Gagarawa ko Babban Asibitin Gumel. In magani bai ci ba, mu roƙi a auna mugunyar. Wanda ma'aikacin lafiya ya rubuta kuwa, a sha shi yadda ya ce, kada a raba wa ɗan maƙwabci.