Gyaran Madafa A Gidajen Zango: A Faɗaɗa, Amma Kada A Cinye Tsakar Gida

Duk wanda ya san gidajen Nima da Maamobi ya san cewa madafa ita ce wurin da aka fi rainawa a cikin gida, alhali kuwa ita ke ciyar da kowa. Yawancin gidajenmu na haya ne ko na gado, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, kowane iyali da ɗakinsa. Madafar kuwa wani ɗan lungu ne da aka rufa da tsohon kwano, bango ya yi baƙi ƙirin, babu ko taga. Mata da yawa sun daina shigarta, sun koma girki a kan kurfoti a bakin ƙofa, yara na zirga-zirga kusa da wuta.

Matsalar tana da asali. Tun wajen 1931 da Malam Amadu Futa ya sami filin Nima daga hannun iyalan Odoi Kwao, unguwar ta tashi ba tare da tsarin hukuma ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jama'a suka kwararo Ankara daga Arewa da ƙasashen maƙwabta, kowane mai gida ya shiga ƙara ɗaki domin masu haya. Ɗaki yana kawo kuɗi, madafa ba ta kawowa, shi ya sa aka matse ta.

Mai karatu, wannan matsi yana da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya kashe mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Mu malaman makaranta muna ganin alamarsa da safe: yarinya ta shigo aji da jan ido da tari, domin ita ta hura wuta tun asuba.

To, wanda Allah ya hore wa, ta ina zai fara? Da shawara. In gidan gado ne, a tara magada. In haya ce, a sami yardar mai gida a rubuce, a faɗi wanda zai biya da abin da za a rage daga kuɗin haya. Sa'an nan a tambayi matan gida, domin su suka san inda hayaƙi ke tsayawa da inda ruwa ke kwanciya. Bayan haka a nemi izni. Tun 2018 Nima tana ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma ta Arewa, can ake karɓar takardar gini. Gara wahalar takarda da a rubuta maka jan fenti a bango.

Wajen ginin kansa, birkila ya ɗaga daɓe ya fi na tsakar gida, domin ba mu manta ambaliyar 3 ga Yuni, 2015 ba. Rufi ya yi tsawo, a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa. Ruwan wanke-wanke a ja shi da bututu zuwa kwata, kada ya bi ta hanyar maƙwabci. Kowane iyali a yi masa kabad mai kwaɗo, saboda rabin faɗan gidan haya daga ɓatan gawayi da man ja yake tasowa.

Masu amfani da gas su ajiye tukunyar a waje, cikin keji mai iska, a inuwa. Gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya, ashana ɗaya ta isa. A riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo. In ya yi kumfa, akwai yoyo. Gobarar Atomic Junction ta Oktoba 2017 ta ishe mu darasi. Wanda zai zauna a kan gawayi, murhun Gyapa mai cikin yumɓu ya fi tsohon kurfoti tsimi.

Abin da zai mai da madafa wurin iyali shi ne rumfa a gabanta, da rabin bango, da benci, da tabarma, da fitila ɗaya mai haske. A nan uwa za ta tuƙa tuwo tana jin karatun ɗanta, kaka ta tsince wake tana ba jikoki labari, a sha ruwa tare da azumi. Sai dai maza su tuna wurin mata ne. Baƙo namiji zaure ya ishe shi, shayinsa ya same shi can.

Gargaɗi ɗaya: kada faɗaɗawa ta haɗiye tsakar gida. Nan ake suna, nan ake shanya, nan ake zaman makoki, nan kuma za a bi a fita in wuta ta tashi. A bar hanya wadda mutum biyu za su wuce ɗauke da kaya.

Kuɗi kuwa, sannu ba ta hana zuwa. A shiga adashi, a sayi bulo da siminti kaɗan-kaɗan, a yi aikin tsakanin Disamba da Fabrairu kafin ruwan sama ya sauka. Bana rufi da tagogi, baɗi rumfa. Allah ya sa mu dace, ya albarkaci gidajenmu.