Minti 20 a Sama, Yini Guda a Ƙasa

A bakin kasuwar wani gari da ke kan hanyar Kano zuwa Haɗeja akwai wani shagon ɗaukar hoto da bidiyo, tsakanin tela da mai sayar da katin waya. Ba shi da wani girma: benci ɗaya, tebur mai kwamfuta, sai labulen da ake tsayawa a gabansa a ɗauki hoton fasfo. Abin da ya kai sunansa ƙauyukan da ke kewaye shi ne wani ɗan ƙaramin jirgi mara matuƙi da mai shagon ya sayo. Tun daga nan, a wannan yanki, bidiyon biki bai cika ba sai an ga taron jama'a daga sama, an ga rumfuna da jerin motoci da rufin gidan ango.

Baƙo in ya shigo, jirgin yake so a nuna masa. Wanda ya zauna ya ga yadda ake aiki kuwa zai lura ba jirgin ake lallaɓawa ba, shi naɗe shi ake yi a saka a jaka. Abin da ake tattali batura ne guda huɗu, kowanne an rubuta masa lamba a baya, suna kwance cikin wata kular abinci a kusurwar da rana ba ta kaiwa. Kusa da kular akwai littafi irin na 'yan makaranta, inda yaron shago yake rubuta ranar da aka yi wa kowane batir caji, da mintin da ya yi a sama, da abin da ya rage masa lokacin da ya sauko. Mai shagon bai cika faɗa ba, amma in ya buɗe littafin nan ya tarar an tsallake rana, ranar yaron zai ji babu daɗi.

Jirgin DJI Mini 2 ne, ƙirar kamfanin nan na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Ya fito a 2020, nauyinsa bai kai giram 250 ba, kuma kamfanin ya ce yana iya yin minti 31 a sama. Babban yayansa Mavic 3, wanda ya biyo baya a 2021, an ce minti 46. Ba ƙarya aka yi ba, sai dai an auna ne a inda babu iska, jirgin yana tafiya da gudu ɗaya ba tsayawa, har batir ya kusa ƙarewa ƙaf. Mai aikin biki ba ya tashi haka. Zai hau sama, ya tsaya cak yana jiran ango ya fito daga masallaci, ya juya, ya bi mota, ya yi kokawa da iska, sannan dole ya bar kashi 20 ko 25 cikin ɗari na dawowa da sauka. In aka cire duk wannan, abin da littafin shagon yake nunawa bai wuce minti 20 ba ga batir mai lafiya. Tsoho kuwa, da ƙyar ya ba da 15.

Mutane suna mamakin wannan, tunda wayar da ke aljihunsu tana yini ba caji. Gaskiyar ita ce wutar da batirin jirgin nan yake ɗauka ba ta fi ta batirin babbar wayar hannu ba, kusan kai ɗaya suke. Bambancin yana wurin aiki. Waya haske kawai take bayarwa da sauti. Jirgi mai farfela huɗu kuwa ba shi da fiffiken da zai jingina da iska, don haka kowace daƙiƙa sai ya tura iska ƙasa da ƙarfin da ya kai nauyinsa, ko yana tafiya ko yana tsaye. Tsayuwa wuri ɗaya, wadda mai kallo yake gani kamar hutu, ta fi tafiya a hankali cin wuta, domin farfela tana ta dukan iskar da ta riga ta hargitsa. In an ce a ƙara masa babban batir, an ƙara masa nauyin da zai ɗauka, sai ribar ta riƙa raguwa. Tushen matsalar kuma yana cikin batirin kansa: kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na batirin litiyam fiye da sau 40. Tun 1991 da kamfanin Sony ya fara sayar da irin wannan batir ake ta inganta shi, har masana uku da suka share masa hanya suka sami lambar Nobel a 2019, amma tazarar nan tana nan da faɗinta.

Wannan duk duniya haka ne. Abin da ya sa aikin ya fi wuya a nan shi ne yanayi da wuta.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin yankin Haɗeja yana haura digiri 40 da rana tsaka, kuma digiri 40 ɗin ne iyakar da kamfanin ya sa wa jirgin, wajen tashi da wajen caji. Iska mai zafi ba ta da kauri, farfela sai ta ƙara gudu kafin ta ɗauki nauyin da take ɗauka cikin sauƙi da safe. Batir yana saukowa da zafin da hannu ba ya son riƙewa, kuma in an saka shi a caja nan take ba zai karɓa ba, na'urar da ke cikinsa tana hana shi har sai ya huce. Ɗaurin aure kuma ba ya duba wannan. Yawanci bayan sallar Juma'a ne ko da hantsi ya ɗaga ranar Asabar, daidai lokacin da ƙasa take tafasa. Shi ya sa za ka ga yaron shago yana rakuɓe ƙarƙashin dalbejiya da kularsa a tsakanin ƙafafu, ba ya yarda ya bar ta a mota ko a kan mashin ko na minti biyar.

Hunturu da tasa rigimar. Sanyin asuba yana sa batir nauyin jiki, sai a ga lissafinsa ya faɗi farat ɗaya, don haka mai shagon yakan saka shi cikin aljihun rigarsa kafin tashi, in ya ɗaga jirgin kuma ya bar shi ya tsaya ƙasa-ƙasa na ɗan lokaci ya ɗumama. Babbar barazana dai iskar arewa maso gabas ce. A ƙasa tana iya zama sanyi-sanyi, a sama tana kaɗawa da ƙarfi. Wanda ya bi bayanta ya tafi zai ga jirgi yana gudu batir bai motsa ba, ya yi ta nisa yana jin daɗi, sai ya juyo ya tarar hanyar da ya ci a minti uku tana neman goma. Dokar shagon ita ce a tunkari iska wajen tafiya, ta turo ka wajen dawowa. Ita ce abu na farko da ake koya wa yaro, tun kafin a bar shi ya taɓa rimot.

Sai maganar wuta. Cajar da ake jera batura a ciki ɗaya bayan ɗaya take cika su, kowanne fiye da awa guda, ga rimot, ga waya, ga baturan kyamarar hannu. Mutum zai ce to in an kawo wuta ranar Litinin a cika su duka a ajiye wa Juma'a. Ba dabara ba ce. Batirin litiyam ba ya son zama a cike, yana lalacewa da wuri, balle a zafi, saboda haka an ƙera waɗannan su riƙa rage wa kansu caji in sun yi kwanaki ba a taɓa su ba, har su sauko wajen kashi 60 ko 70. Ke nan cajin biki sai daren biki. In wuta ba ta zo ba a tayar da janareta, a ƙona fetur na awanni don a sayi abin da bai kai awa ɗaya da rabi a sama ba. Maƙwabta sun saba. In suka ji injin shagon yana kuka bayan isha'i, sun san gobe akwai aure a wani ƙauye.

A wurin biki ake gane gwani, kuma ba a wajen sarrafa jirgi ba, a wajen rabon mintuna. Tun a hanya mai shagon ya riga ya raba: batir na ɗaya ɗaurin aure, na biyu hawan angwanci da yamma in akwai dawaki, na uku rakiyar amarya, na huɗu, wanda ya fi tsufa, na ko-ta-kwana. Matsalar ita ce da zarar jirgi ya tashi kowa yana da bukata. Yara suna bi da ihu, abokan ango suna so a zagaya su, sai kuma wani dattijo daga dangin amarya ya matso.

"Ɗana, ɗan ɗaga shi ka ɗauko mini gonata mana, ga ta can bayan makabarta."

"Baba, Allah ya ƙara girma, guda ɗaya ya rage, na amarya ne. In an kai ta lafiya da saura, wallahi da kaina zan zo in same ka."

Ba rowa ba ce, kuma yawanci dattijon yakan gane. Na fi ganin girman sana'ar a irin wannan amsa, domin saurayin da bai iya cewa a'a cikin ladabi ba zai ƙarar da wutarsa a kan gonaki, motar amarya ta tashi jirgi yana jaka.

Akwai wani abin da ƙarancin batir ya taimaka a kai ba da niyya ba. Gidajen ƙauye a buɗe suke ta sama, tsakar gida kuwa wurin mata ne, suna daka, suna wanka, suna shan iska ba mayafi. Katangar da ta tsare su daga idon mai wucewa ba ta tsare su daga kyamarar da ke sama. Mai shagon nan ba ya tashi a gari sai ya gaida mai unguwa ya faɗa masa ta inda zai bi, kuma ba ya ratsa saman gidaje. Wasu masu irin wannan sana'a ba su da wannan kunya, kuma ina ganin da jiragen nan suna iya yini a sama da rigimar ta fi haka yawa. Ta fuskar hukuma ma ba sakaka abin yake ba: tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Batir yana tsufa, kuma tsufansa ba ya ɓuya ga mai littafi. Mintuna suna raguwa kaɗan-kaɗan, wata rana a ga cikinsa ya ɗan taso, ba ya shiga mazauninsa sai an danna. Wannan kumburi iskar gas ce da ta taru saboda sinadaran ciki sun fara ruɓewa, kuma batirin da ya kumbura yana iya mutuwa a sama ko ya kama da wuta a caja. Sabo da tsada yake, farashinsa yana bin dala, shi ya sa zuciya take raya wa mutum ya ƙara tashi ɗaya da shi. A shagon nan ba a yi. Ana cire shi a binne cikin bokitin yashi a bayan shago. Ba a jefa shi a bola, inda yara masu tsince-tsince za su fasa shi da dutse su ga abin da ke ciki.

Ba biki kaɗai ake kiransu ba. A daminar 2022, da ambaliya ta mamaye kwarin Haɗeja ta cinye gonaki da garuruwa a Jigawa, manoma sun riƙa zuwa shagon suna roƙon a duba musu shinkafarsu daga sama, tunda hanya ta yanke. Na kusa sun ga abin da suka zo gani, mai daɗi ko marar daɗi. Na nesa kuwa haƙuri aka ba su, domin kan ruwa babu wurin saukar gaggawa, jirgin da wutarsa ta ƙare a can ya tafi ke nan. Wani manomi ya tambaya ko babu babba da ya fi wannan juriya. Akwai manya, amma ba kullum girma yake ƙara mintuna ba. Jirgin feshi irin Agras T40, mai ɗaukar lita 40 ta magani, batirinsa kaɗai ya kai kilo 12, kuma in an cika masa tanki ba ya kai minti 10 a sama, dole janareta ya bi shi har bakin gona.

Masu nisan zango wata ƙira ce dabam. Kamfanin Zipline, wanda ya fara kai jini asibitoci a Ruwanda a 2016, ya shiga Gana a 2019, ya kuma buɗe cibiya a Pambeguwa ta jihar Kaduna a 2022, da batir jiragensa suke tashi su ma. Amma suna da fiffike, harba su ake yi daga kan wata doguwar majajjawa, ba sa tsayawa a sama, kayan ma da 'yar lema suke sakinsa su juya. Da haka suke kai magani wurin da ya kai nisan kilomita 80 su dawo. Fiffike ne yake ɗaukar nauyin, batir turawa gaba kawai yake yi. Sai dai irin wannan jirgi ba zai tsaya a saman ƙofar masallaci yana jiran ango ba.

Bara, da kaka ta yi kyau aka yi aure da yawa, mai shagon ya tara abin da zai iya sayen jirgin da ya fi nasa daɗewa a sama. Yaronsa ya so hakan ƙwarai, har ya ajiye hotonsa a waya. Maigidan ya zauna da littafin batura ya yi lissafi, ya ga jirgi mai girma batura masu tsada yake ci, kuma su ma daren biki za su nemi wuta. Sai ya sayi faifan sola biyu da inbata da babban batirin ajiya, ya ƙara baturan jirgi biyu, aka rubuta musu lamba 5 da 6. Yanzu yana iya karɓar biki biyu a rana ɗaya in ƙauyukan ba su yi nisa da juna ba, tela da mai katin waya kuma a wurinsa suke cajin waya.