Teburin da Na Haɗa da Damina, Hunturu Ya Tsaga Shi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba. Yau hirar ta katako ce, kuma na san akwai masu sha'awar haɗa ɗan teburi ko kantar littattafai da hannunsu a gida, ba don sayarwa ba, don nishaɗi kawai da rage kashe kuɗi. To ku matso.

Ni dai ba kafinta ba ne. Ranakun Asabar da Lahadi nake taɓawa, da zartona da gudumata a bayan ɗaki. Abu na farko mai girma da na haɗa teburin karatu ne, a watan Agusta, ruwa na zuba. Falanki uku na jera na manne, faɗinsu gaba ɗaya santimita 60, na ɗora a kan firam, na zuba gam, na bi ko'ina da ƙusa don kada ya motsa. Na shafa banish, na ɗauki hoto, abokai suna ta “kai, ashe ka iya!” Wallahi har wani ji da kai nake.

Watan Janairu, tsakar dare, sai na ji ƙas! kamar an karya kara. Da safe na duba, saman teburin ya tsage daga baki har kusan tsakiya, katin ATM yana shiga ramin ya fita. Ba wanda ya hau, ba abin da ya faɗo masa.

Na ɗauki hoton na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu. Bai ma kalli hoton sosai ba ya ce, “Yaushe ka sayi katakon?” Na ce, “Da damina, Baba.” Ya ce, “Kwana nawa ya yi a ajiye kafin ka yanka?” Na ce washegari na fara. Sai ya yi dariya ya ce, “Ɗana, ai kai ka tsaga shi tun ranar, hunturu ya zo ya nuna maka ne kawai.”

Abin da yake nufi shi ne zan warware muku yau, domin duk bidiyon da muke kallo a YouTube na masu aikin katako, yawancinsu a Amurka ko Turai suke, da katakon da aka busar a inji. Namu ba haka yake zuwa ba.

Ku ɗauki katako kamar damin kara da aka ɗaure tamau, kowane kara da rami a cikinsa. Lokacin da bishiya take tsaye, ruwa yana cikin ramukan, yana kuma cikin jikin karan kansa. Idan an sare ta, ruwan cikin ramuka ne yake fara fita, kuma fitarsa ba ta rage girman katakon. Sai danshin ya sauko wajen kashi 30 cikin ɗari, sannan ruwan da ke jikin karan ya fara fita, a nan ne katako yake fara tsukewa. Kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya har abada. Yana bin iskar da ke kewaye da shi: iska ta yi danshi ya sha ya kumbura, ta bushe ya saki ya tsuke. Ko katakon ya shekara hamsin haka yake yi. Shi ya sa ƙofar ɗakinku take cijewa da damina sai an sa kafaɗa, da rani kuma ka ga haske yana shigowa ta gefenta.

To mu a nan Arewa abin ya fi tsanani. Da hunturu a Kano ko Katsina ko Damagaram, danshin iska yana sauka ƙasa da kashi 20, katako ya bushe ya koma wajen kashi 4 zuwa 5. A watan Agusta kuwa yana iya hawa wajen kashi 14 ko 15. Wato tsakanin damina da hunturu akwai tazarar kusan kashi 10.

Ga inda dabarar take, ku saurara da kyau. Katako ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare. Ta tsawonsa kusan ba ya motsi ko kaɗan. Ta faɗi ne yake tafiya. Saman teburi mai faɗin santimita 60, a irin wannan tazarar tamu, yana iya raguwa da kusan santimita ɗaya, wani katakon ma ya fi. Yanzu ku tuna abin da na yi. A ƙarƙashin falankin akwai sandunan firam da suka gitta shi, su ta tsawonsu suke kwance, ba za su rage ba. Falankin yana son ya tsuke da santimita guda, ni kuma na ɗaure shi da gam da ƙusa ta kowane gefe. Ina zai je? Sai ya yage kansa. Balle ma nawa ɗanye ne, tsukewar da ya yi ta wuce haka.

Akwai kuma lanƙwashewa. Idan za ku sayi falanki, ku leƙa bakinsa inda aka yanke, za ku ga layukan shekarun bishiyar. Idan layukan sun yi baka-baka kamar bakan gizo, wannan falankin zai fi tsukewa, kuma yana bushewa zai lanƙwashe ya yi kamar kwano, gefunansa su karkata su guje wa ɓangaren zuciyar bishiyar. Idan layukan a tsaye suke daga sama zuwa ƙasa, motsinsa wajen rabin na wancan ne, kuma ya fi zama a miƙe. Wanda kuma ka ga tsakiyar bishiyar a jikinsa, ɗan ɗigon nan da layuka suka kewaye, bar musu kayansu, tsagewa zai yi. Masu sayarwa ba sa son kana ɗaga falanki ɗaya bayan ɗaya kana leƙe, amma kuɗinka ne, ka yi haƙuri da hararar.

Mafi yawan katakon da ake jibgewa a kasuwanninmu na 'yan katako daga dazukan kudu yake zuwa, irin su Edo da Ondo da Kuros Riba, inda danshi yake da yawa, kuma sau tari ba a jima da tsaga shi ba. Ka ɗaga ka ji nauyi ya wuce misali, ka taɓa ka ji sanyi, zarto yana fitar da gari mai damƙewa, to ɗanye ne. Masu rufin gida ba su cika damuwa ba. Kai mai teburi dole ka damu.

Maganin ba ya cin kuɗi, lokaci yake ci. Ka sayo katakonka tun kafin ka buƙace shi. Ka samu inuwa inda iska take ratsawa, ka ɗaga shi daga ƙasa a kan bulo, ka jera falanki, ka sa ƙananan sanduna masu kauri ɗaya a gicciye, ka ɗora wani falankin, haka har sama. Sandunan su hau kan juna a layi ɗaya, in ba haka ba falankin zai yi ciki. A can sama ka ɗora abu mai nauyi. Bakunan falankin kuma ka shafa musu ragowar fenti, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, shi ya sa tsaga take farawa daga baki. Kada ka shanya a rana kamar shanyar barkono, wajen zai bushe ya bar cikin, ya farfashe. Kada kuma ka jingina da bango.

Ta yaya za ka san ya bushe? Akwai ɗan na'urar auna danshi, in ka samu ya yi. In babu, ga hanyar talaka: zaɓi falanki ɗaya, ka ɗora a sikeli, ka rubuta nauyin a jikinsa da kwanan wata. Duk mako ka sake aunawa. Ranar da ka ga mako biyu ko uku nauyin bai sauya ba, ya daidaita da iskar wurin. Mai kaurin inci ɗaya ya fi saurin kaiwa, mai inci biyu sai ka ninka haƙuri fiye da sau biyu. Ni yanzu da kaka nake saye, in bar hunturu ya yi min aikin.

Amma ko busasshe ne zai ci gaba da motsi, saboda haka sai ka haɗa kayan yadda zai samu wurin motsawa. Saman teburi ba a manne shi da firam da gam. Sukuru ake sawa daga ƙasa, na tsakiya a ɗaure shi a rami daidai shi, na gefe-gefe kuma a tsawaita raminsu ta ɓangaren faɗin teburin, yadda sukurun zai iya zamewa kaɗan idan falankin ya ja. Shi ke nan fa. Minti goma na aiki da zai cece ni daga abin kunyar nan. Banish ma, ka shafa sama da ƙasa. Idan sama kaɗai ka shafa, ƙasan zai riƙa shan danshi da sauri fiye da saman, teburin ya lanƙwashe. Kuma banish rage saurin shan danshi yake yi, ba ya hanawa.

Wani zai ce to ni ba zan iya wannan jiran ba. Sai ka nemi filawud. Siraran yankan katako ne aka manne, kowane ya gitta na ƙasansa, shi ya sa suke riƙe juna ba ya wani motsi. Faranti ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8, ya isa kantar littattafai mai kyau. MDF kuwa garin katako ne aka matse da gam, yana da santsi, fenti yana yi masa kyau, amma ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura kamar burodi, kuma sukuru ba ya kama gefensa sosai. In ɗakinku ana wanke daɓe da ruwa, kada ka bari ya taɓa ƙasa.

Irin katako fa? Afara da obece suna da sauƙin yanka da sauƙin kuɗi, sun dace da mai koyo, sai dai gara da ƙwari suna son su. Malaina tana da daɗin aiki kuma ba ta cika motsi ba in ta bushe, amma tana jan lokaci kafin ta bushe ɗin. Maɗaci da loko su ne na ajiya, loko ma gara ba ta cika iya masa ba, illa garinsa yana sa wasu atishawa da ƙaiƙayi. Ko wane iri ne, farin ɓangaren nan na kusa da ɓawo shi ƙwari suke fara ci, ka yanke shi ka jefar in kana iyawa. Madobiya kuwa kyakkyawa ce ta gaske, amma an yi mata sarar da ta wuce hankali ana fitarwa zuwa Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES take sa ido a kan cinikinsu tun 2017. Ni dai na haƙura da ita. Baƙin mai na mota da ake shafa wa katakon rufi saboda gara, don Allah kada a shafa shi a abin da za a ci abinci ko yara za su hau.

Awo a gurguje: teburi tsayinsa wajen santimita 75, mazaunin kujera wajen 45. Abin da ake kira tu-bai-fo a kasuwa sau da yawa bai cika inci biyu da huɗu ba, ka tafi da tef ɗinka. In ka haɗa firam, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sannan ɗaya ɓangaren. Suka zo daidai, firam ɗinka ya tsaya. Kafin ka ɗaura sukuru kusa da baki, fara huda ƙaramin rami, musamman a maɗaci, in ba haka ba zai tsage a hannunka. Sanfefa kuma daga mai kaushi ake farawa, lamba 80, sai 120, sai 180, kana bin tsawon katakon.

Abu ɗaya da ba zan rufe ban faɗa ba. Na ga matasa suna ɗaura faifan zarto mai haƙora a jikin giranda don yanka katako. Kada ku yi. Giranda tana juyawa wajen sau dubu goma sha ɗaya a minti, haƙorin ya cije a katako sai ta yi tsalle ta dawo kan mai riƙe da ita, kuma ba ta ba ka lokacin janye hannu. In yankan ya fi ƙarfin zarton hannu, ka kai wa masu inji a kasuwa su tsaga maka, kuɗin bai kai na ɗinki a asibiti ba. Sannan a rufe hanci in ana goge-goge, musamman MDF.

Teburin nawa yana nan. Baba ya sa na ciccire ƙusoshin, na bi tsagar da zarto na raba falankin biyu, na goge bakunan suka haɗu, na sake mannewa, na mayar da shi da sukuru a dogayen ramuka. Faɗinsa ya ɗan ragu, kuma in ka duba da kyau za ka ga layin. Da damina gefensa yana ɗan leƙo firam fiye da yadda yake da hunturu, na sa alamar fensir a ƙasa ina kallon abin duk shekara.

A shiri na gaba za mu yi maganar dalilin da ya sa kujera take fara rawa bayan wata shida, da yadda ake fafe rami a ƙafa a zura harshen katako a ciki maimakon dogaro da ƙusa. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.