Barth: Sunan Bajamushen da ya ratsa Damagaram, gemu ne ko ɗan Talmai?

Duk wanda ya leƙa tarihin Agadas, Tasawa ko Damagaram zai ci karo da sunan Heinrich Barth, matafiyin nan haifaffen Hamburg da ya zaga ƙasashenmu daga 1850 zuwa 1855. A nan ya kira kansa Abdul Karim. To mene ne ma'anar Barth ɗin?

Masana sunaye a Jamus sun fi kawo asali biyu. Na farko shi ne kalmar Bart, wato gemu. Tsohuwar kalma ce da Jamusanci ya yi tarayya da ƴan uwansa a kanta: Ingilishi na cewa beard, mutanen Holand na cewa baard. Daga ƙarni na 12, da birane suka cika, sunan yanka ya daina isa a bambanta mutane, sai aka riƙa liƙa musu laƙabi na sana'a ko na kama, kamar yadda muke cewa Maigemu ko Dogo. Bambancin shi ne a can laƙabin ya zama gado, har jikan da bai da ko gashi ɗaya a haɓa yana amsa shi.

Asali na biyu ba ruwansa da gemu: gajarta sunan Bartholomäus ne, wanda ya fito daga harshen Aramaik, ma'anarsa ɗan Talmai. Ke nan gidaje biyu na iya ɗaukar suna ɗaya alhali kakanninsu ba su haɗa komai ba.

Harafin h na ƙarshe ba a furta shi. Ragowar tsohon rubutu ne da gyaran 1901 ya cire daga kalmomin Jamusanci, amma sunayen iyali suka riƙe abinsu.

Gemun ya kai har Italiya. Yankin Lombardiya, inda birnin Milan yake, ya samo suna daga ƙabilar Langobard, wato masu dogon gemu, da suka shiga ƙasar a 568.

Ga ƴan uwa mazauna Turai, akwai abin lura. Sunan da aka rubuta a gurbin sunan iyali ranar farko, na uba ne ko laƙabin kaka, shi ƴaƴa za su gada a takardu. A tabbatar da rubutunsa kafin a sa hannu.