Mutum-Mutumin Yara Ya Zama Abin Wasa Ƙwaƙwalwar Tsofaffi

Mutumin da ke neman abinci a Ikko ko Ibadan yakan je gida da Sallah ya tarar mahaifinsa yana maimaita tambaya sau uku, ko ya manta inda ya ajiye kuɗi, amma har yanzu yana zuwa masallaci da kasuwa da ƙafarsa. Likitoci suna kiran wannan hali ƙaramin raunin ƙwaƙwalwa. Ya wuce mantuwar tsufa, amma bai kai ruɗewa ba. Dakta Ronald Petersen na asibitin Mayo a Amurka ne ya fayyace alamominsa a 1999. Daga cikin masu zuwa asibiti da shi, kimanin 10 zuwa 15 cikin ɗari sukan faɗa ciwon ruɗewa kowace shekara.

A birnin Tasalonika na ƙasar Girka, malaman Jami'ar Aristotle tare da Farfesa Magda Tsolaki, likitar ƙwaƙwalwa, sun ba da rahoton wata dabara a 2016. Sun ajiye wa irin waɗannan tsofaffi ɗan mutum-mutumi mai taya, suka ce su tsara masa umarni.

Dabarar ta yara ce tun asali. Seymour Papert da abokan aikinsa ne suka ƙago harshen kwamfuta na Logo a 1967, daga baya aka haɗa shi da wata na'ura da ake kira kunkuru.

Ga yadda irin aikin yake. A ce mutum-mutumin ya je wancan lungu. Sai tsoho ya jera umarni: gaba biyu, juya dama, gaba ɗaya. Tilas ya riƙe jerin a ka, ya kuma tuna cewa idan na'urar ta fuskanto shi, damarta ita ce hagunsa. Nan fa ake yin ta! In ta ɓace hanya, shi zai bi umarnin ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda ya kuskure. Wannan tsari da gyara su ne ake so ƙwaƙwalwa ta yi ta yi.

Gwajin dai ƙarami ne, kuma babu binciken da ya tabbatar irin wannan horo yana hana ruɗewa. Wanda ya ga alamun ga iyayensa ya fara kai su ga likita, domin ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo, baƙin ciki da wasu magunguna duk suna kawo mantuwa, kuma ana iya maganinsu.