ƁERAN MASAR DA RIGARSA

A Kakangi, cikin ƙasar Birnin Gwari, kamar sauran garuruwa, yara suna son kiwon ƙananan dabbobi. Wani ya yi kiwon tantabaru, wani zomaye, wani kuwa ɓeran Masar. Shi ɓeran Masar ɗan gajere ne, mai ƙiba, ba shi da wutsiya. Da ya ji motsin mai kawo masa ciyawa sai ya yi ta kuka, "Kwi, kwi, kwi!" Nauyin babba ya kan kai kilo 1. In ya sami kulawa, ya kan yi shekara 5 zuwa 7 a duniya.

Ko da ya ke ana ce masa ɓeran Masar, ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa daga duwatsun Amurka ta Kudu ne, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya. Mutanen can sun yi shekaru dubbai suna kiwonsa don nama. Bayan shekara ta 1500 fataken jiragen ruwa suka kai shi Turai, daga nan ya bazu cikin duniya. Can bisa duwatsun nan da sanyi ƙwarai, saboda haka gashinsa rigar sanyi ce. Wanda zai yi kiwonsa a ƙasar zafi, kada ya manta da wannan.

IRE-IREN GASHINSA

Na fari shi ne mai kwantaccen gashi. Gashinsa gajere ne, mai santsi, a kwance daga kai har gindi. Akwai fari, akwai baƙi, akwai ja, akwai mai dabbare-dabbare. Shi ne ya fi yawa ko'ina.

Na biyu shi ne wanda Turawa ke kira ɗan Habasha, shi ma kuwa ba daga Habasha ya fito ba. Gashinsa yana da kaushi, ya kan tashi da'ira da'ira. Cikin kowace da'ira gashi ya tsiro daga tsakiya ya bazu kamar fure. Masu gasar dabbobi a Turai su kan ƙidaya da'irorin nan, sun fi son mai 8 ko 10.

Na uku shi ne mai dogon gashi, wanda a ke kira ɗan Peru. Gashinsa ba ya daina tsawo. Kowane wata ya kan ƙaru da wajen santimita 2, har ya kai santimita 30, watau tsawon rula ta makaranta. Ya kan zubo ya rufe masa fuska, har mutum ya kasa gane gaba da baya.

Na huɗu ba shi da gashi, sai ɗan kaɗan a hanci da ƙafafu. An fara samunsa a birnin Montreal na ƙasar Kanada cikin 1978. Shi ba ruwansa da mataji, amma rana na ƙona fatarsa, sanyi kuma na shigarsa. Ya fi sauran ci, gama da abinci ya ke ɗumama jikinsa.

YADDA A KE GYARA

Ɓeran Masar dabba ce mai tsabta. Ya kan lashe jikinsa, wani farin ruwa kamar madara kuma ya kan fito daga idonsa, ya shafa da ƙafafun gaba ya wanke fuska. Wannan ba ciwo ba ne. Amma duk da haka yana bukatar taimakon mai shi.

Mai kwantaccen gashi, a goge shi da buroshi mai laushi sau ɗaya a mako, ya isa. Ɗan Habasha sau biyu ko uku, a bi kowace da'ira yadda gashinta ya nufa. Mai dogon gashi kuwa, sai an taje shi kowace rana, a riƙa rage gashin da almakashi don kada ya ja ƙasa, tun ba na wajen gindi ba. In aka bar shi kwana kaɗan sai gashin ya cukurkuɗe, ya riƙa jan fata yana yi masa zafi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

In yaro zai yi gyara, sai ya zauna bisa tabarma, gama in dabbar nan ta kuɓuce daga sama ta kan karye. Ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirjinta, ɗaya kuma ya tallafi gindinta. Ya fara taza daga bakin gashi, sa'an nan ya bi sannu sannu zuwa fata. In ya tarar da ƙulli kada ya fizga, sai ya kira babba ya yanke masa. Farata kuma su kan yi tsawo su lanƙwashe, sai babba ya datse bakinsu kaɗan sau ɗaya a wata.

Wanka ba ya zama dole sai ya ɓaci da ƙazanta. In za a yi, a sa ruwa mai ɗumi kaɗan cikin kwano, kada ya shiga ido ko kunne, kada kuma a sa sabulun wanki. A tsane shi sarai da ƙyalle kafin a mai da shi akurki.

KOWANE LOKACI DA NASA HATSARI

Da damina ƙasar Birnin Gwari ta kan yi shar, ciyawa ta wadata har bakin dajin Kamuku. Amma akurki ya kan yi laima. In gashin gindi ya jiƙe da fitsari, ƙudaje su kan yi ƙwai a ciki. Kafin kwana ɗaya ƙwan ya zama tsutsa, ta shiga cin naman dabbar da ranta. Saboda haka a riƙa sake shimfiɗar ingirici, a duba gindinta kullum.

Da kaka ƙarangiya da ƙashin yawo su kan biyo ciyawa su maƙale cikin gashi. A tsince su tun ba a zuba ciyawar ba. Da ɗari kuwa a kare akurki daga iska da ƙura.

Bazara ita ce ta fi hatsari. Ɓeran Masar ba ya gumi kamar mutum. In zafi ya wuce digiri 30, yana iya mutuwa cikin yini guda, mai dogon gashi kuwa shi ke fara jigata. Kada a bar akurki a rana ko ƙarƙashin kwano mai zafi. A kai shi inuwa inda iska ke kaɗawa, a rage masa gashi, a ajiye tulun ruwa mai sanyi ya kwanta jikinsa, kada kuma ruwan sha ya yanke.

GASHI SHI KE BA DA LABARI

Hausawa na cewa, labarin zuciya a tambayi fuska. To, labarin lafiyar ɓeran Masar sai a tambayi gashinsa. Mai lafiya gashinsa na sheƙi. In ya yi cirko-cirko ya dushe, sau da yawa abinci ne bai cika ba. Jikinsa, kamar na mutum, ba ya iya yin bitamin C da kansa, sai ya ci a ɗanyen ganye. Da rani, sa'ad da ba a samun kome sai busasshiyar harawa, a ƙara masa da kabeji, ko gwaiba, ko ganyen dankalin Hausa. Amma ban da ganyen dankalin Turawa, gama guba ne.

In ya cika susa, gashi na zuba, watakila ƙwarƙwata ce ko wasu ƙwari ƙanana da ido ba ya gani. In wuri ya kwaile ya yi zagaye, watakila makero ne, yana kuwa kama mutum. A ware shi daga 'yan'uwansa, a kai wa malamin dabbobi. Kada a shafa masa baƙin mai ko maganin feshin gona, gama zai lasa ya mutu. Kullum bayan an taɓa shi a wanke hannu da sabulu.

Dabbar da ke cikin akurki amana ce, ba ta da ikon neman inuwa ko ganye da kanta. Saboda haka yaro mai zuwa makaranta da safe, ya taimaki ubansa a gona da yamma, ya dubi lokacinsa kafin ya dubi kyan gashi. Gara mai kwantaccen gashi yana sheƙi, da mai dogon gashi yana wahala.

TAMBAYOYI

1. Daga ina asalin ɓeran Masar ya ke?
2. Faɗi ire-iren gashinsa huɗu.
3. Don me bazara ta fi yi masa hatsari?
4. Wane ganye ne ba a ba shi?
5. Mene ne ma'anar karin maganar nan ta rariya?